Bakin Famfon Bahonmu Da Silin Ɗin Mama

Yau labarin wani ɗan guntun ƙarfe muka kawo muku, wanda tsawonsa bai wuce tafin hannu ba, amma ya kusa ɓata mana zaman shekara huɗu da maƙwabta.

Duk wanda ya taɓa neman gidan haya a Legas da suna irin namu ya san yadda ake yi. Ejan zai karɓi kuɗin duba gida, ya yi ta zagaye da kai, sai an zo maganar biya ya fara sosa ƙeya, wai mai gida ya ce ba ya son masu yawan baƙi, ko masu yawan zubar da ruwa. Kowa ya san su wa ake nufi. Wata biyar muka yi muna wannan yawo kafin Allah ya haɗa mu da wani dattijo Bayarabe a Agege, mai tsohon bene, sashe biyu a sama biyu a ƙasa. Ya ba mu ɗaya daga na saman. Ranar da ya miƙo makulli magana ɗaya ya yi: "Alhaji, ku riƙe min gidan nan kamar naku." Muka ce in Allah ya yarda, Baba.

A banɗakin muka tarar da baho, irin dogon nan fari da Turawa ke kwanciya a ciki. Tun da muka tare babu wanda ya taɓa cika shi ya kwanta. Wa ke da wannan ruwan a Legas? Kuma mu da muka tashi da bokiti da kofi, zama cikin ruwan da ka wanke dauɗarka da shi bai taɓa kwanta mana a rai ba. Sai bahon ya koma wurin ajiye bokitin wanka, wurin jiƙa wanki, wurin cika butoci. A bango, sama da shi, akwai kawunan famfo biyu, na ruwan zafi da na sanyi, ko da yake hitar ta mutu tun kafin zuwanmu. A ƙasansu kuma akwai bakin da ruwa ke zubowa, da ɗan maɓalli a kansa wanda in ka ja shi sama ruwan ya koma shawa.

Wannan bakin ne ya fara ciwo. Da farko maɓallin ya cije, ja ba ya zuwa, dannawa ba ya komawa. Ba mu damu ba, tunda ba mu cika amfani da shawa ba. Daga baya muka lura in an buɗe famfo, ba duk ruwan ke fitowa ta gaba ba, wani yana tsattsafowa ta baya, daidai inda bakin ya haɗu da tayil, ya gangaro ta jikin bango. Babban yaronmu ya samo robar tsohon tub na keke ya naɗe wurin tam. Ruwan ya daina bayyana, muka sa masa albarka. Mun fi wata uku muna ganin mun yi dabara, ashe ruwan da muka hana fitowa waje, ciki muka tura shi.

Wata Asabar da hantsi aka ƙwanƙwasa ƙofa. Mama ce, dattijuwar da ke ƙasanmu, mai sayar da atamfa da leshi. Ba ta cika hawowa sama ba saboda ciwon gwiwa, don haka ganinta kaɗai ya sa gabanmu ya faɗi. Ta gaisa da kowa, ta tambayi yara da makaranta, sannan ta ce, "Alhaji, in ba damuwa, ku sauko ku ga wani abu."

A ɗan ɗakin da take ajiye kaya, wanda ya yi bango ɗaya da banɗakinta, silin ya yi wani tabo ruwan ƙasa mai faɗin faifai, fenti ya kumbura yana ɓarewa. Ta janye dilolin kaya gefe ɗaya, ta rufe su da leda. Turmi uku na saman sun riga sun yi tabo. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta ce ku biya ba. Cewa ta yi mako biyu ke nan tana gani, tana jiran ko zai bushe da kansa, kuma ba ta faɗa wa Baba ba tukuna don ta fi so mu ji daga bakinta. Wallahi da ta zage mu da mun fi jin sauƙi. Muka hau sama jiki a sanyaye, uwargida na cewa ai ta sha faɗa, wannan roba ba gyara ba ce. Gaskiyarta, ta faɗa.

Abin da ya tsaya mana a rai a daren nan ya wuce kuɗin atamfa. Saura wata biyu kuɗin haya ya cika. In maganar ta kai wa Baba ta bakin wani, to ga shi nan, abin da ejan-ejan suke faɗa ya tabbata, kuma ba mu kaɗai zai shafa ba. Gobe in wani ɗan uwanmu ya zo neman ɗaki a layin nan, da labarinmu za a tarbe shi. Ga kuma maganar ruwan kansa. Tanki ɗaya ne ke ba gidan duka, daga burtsatsen da ke tsakar gida, kuma in babu wuta karo-karo muke yi a sayi fetur a tayar da janareta a tura ruwa sama. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 wannan karo-karo ya zama abin da ake ɗaure fuska a kansa. An sha yin ƙorafin tanki na saurin ƙarewa, har da mu a masu ƙorafin. Ranar da ya ƙare babu fetur kuwa, sai a tare 'yan uwanmu masu tura kurar ruwa a sayi jarka-jarka a hau da ita bene. Ashe wani kaso na ruwan a cikin bangonmu yake tafiya.

Akwai wani yaro ɗan ƙungiyarmu da da yawa a cikinku kun sani. Da acaɓa yake yi a wajen Ikeja, da gwamnatin jiha ta hana acaɓa a can a watan Yunin 2022 sai ya sayar da babur ya shiga koyon aikin famfo wurin wani Bayarabe. Yanzu har ya fara karɓar aikin kansa. Muka kira shi, ya ce yana wani aiki a Ikorodu, sai bayan kwana huɗu. Amma ya yi mana tambayar da ba mu taɓa yi wa kanmu ba: "Kawu, yaushe ruwan ke zuba? In famfo na rufe, ko sai an buɗe?"

A nan ne muka fara fahimtar abin. Shi bakin nan hanya ce kawai, ba shi ke tsare ruwa ba. Masu tsare ruwa su ne kawunan da ake murɗawa, kowanne da 'yar robarsa a ciki. In an rufe famfo amma ruwa na ɗiga ta gaba, ɗis-ɗis cikin dare, to robar cikin kan ce ta cinye, kuma ko ka sayo sabon baki goma ba zai daina ba. Mutane da yawa na asarar kuɗi a nan. Amma in sai an buɗe ne ruwa ke fitowa ta baya wajen bango, to matsalar tana jikin bakin, ko a mahaɗarsa da bututun da ke cikin bango. Muka kwance robar keken, muka goge wurin ya bushe, muka manna takardar tishu a ƙasa. Famfo a rufe, tishu a bushe har awa guda. Muna buɗewa ya jiƙe sharkaf. Yaron ya ce, "To Kawu, wannan za ku iya da kanku, in dai za ku bi a hankali."

Ba mu bi a hankali ba. Washegari da sassafe muka tafi shagon kayan famfo na bakin titi, muka nuna hoto a waya, aka ba mu wani mai ƙyalli a kwali, muka biya muka dawo. Sai da muka buɗe muka ga cikinsa sumul ne, babu zaren murɗawa, sai wani ɗan noti ƙarami a ƙasa. Ashe bakin baho iri biyu ne. Akwai wanda ake zurawa a kan bututun jan ƙarfe mai santsi, a ɗaure ɗan notin nan na ƙasa da alanki ya riƙe shi. Akwai kuma wanda ake murɗawa a kan guntun bututu mai zare, yawanci na rabin inci. Gane su ba wuya: ka haska fitilar waya a ƙarƙashin bakin, kusa da bango. In ka ga ɗan rami da noti a ciki, na zurawa ne, kada ka kuskura ka murɗa shi kafin ka sassauta notin, za ka murɗe bututun. In babu rami, na murɗawa ne. Namu babu rami. Muka koma shago, mai shago ya nuna mana rubutun da ke ƙasan rasit, kayan da aka saya ba a mayarwa.

Kafin mu taɓa komai yaron ya ce mu rufe ruwan sashenmu. A ƙa'ida ba dole ba ne, tunda kawunan famfo a rufe suke, amma a tsohon gida ba ka san abin da zai karye a hannunka ba. Mu a zatonmu sai an hau wurin tanki an rufe wa gida duka, har muna tunanin yadda za mu bi maƙwabta ƙofa-ƙofa muna ba da haƙuri. Mai gadi ne ya kai mu bayan gida ya nuna mana bututu huɗu da suka sauko daga tanki, kowanne da makullinsa. Shekara huɗu muna gidan ba mu san da shi ba. In ba ku san inda naku yake ba, ku nemo shi yau, tun kafin ranar da bututu zai fashe da tsakar dare.

Muka toshe magudanar bahon da tsumma don kada wani ƙaramin abu ya faɗa, muka shimfiɗa tsohon bargo a ciki don in sifana ta suɓuce kada ta fasa farin. Muka kankare tsohon simintin da aka liƙe gefen bakin da shi. Sannan muka kama shi da hannu biyu muka murɗa hagu. Ko gezau. Muka aro babbar sifanar bututu wurin makanikin layinmu, muka kama, babban yaronmu ya ɗora ƙarfinsa. Sai muka ji wani ƙara daga cikin bango, irin kukan tsohuwar ƙofa, muka ga bakin ya ɗan karkata ba tare da ya juya ba.

Allah ya sa muka tsaya muka sake kiran waya. Yaron ya ce, "Kawu, don Allah ku ajiye sifanar nan." Ya yi mana bayani cewa gidajen wancan zamani da bututun ƙarfe aka yi su, kafin a koma na roba, kuma ruwan burtsatse na cin ƙarfe ta ciki. Guntun da bakin ke ɗaure a kansa ya shiga cikin wata gwiwa da ke binne a bango. In ya karye ya bar rabinsa a cikin gwiwar, aiki ya tashi daga na sifana ya koma na guduma da kurfi: a fasa tayil, a fasa bango, kuma irin wannan tayil ɗin an daɗe da daina yin sa. Garin neman gira a rasa ido ke nan. Ya ce mu fesa man kwance tsatsa ta bayan bakin, in babu mu ɗiga kananzir, mu bar shi ya kwana.

Haka muka kwana da ruwan jarka. Da safe muka ƙara fesawa, muka ɗan bubbuga jikinsa da ƙotar guduma. Sai muka yi yadda ya ce, abin da da ba za mu taɓa tunani ba: a fara murɗawa dama kaɗan, kamar za a ƙara ɗaurewa, don tsatsar ta saki, sannan a dawo hagu. Dama kaɗan, hagu kaɗan. A karo na huɗu ko na biyar ya motsa. Muka ci gaba da hannu, ya fito gaba ɗaya, tare da guntun bututun manne a cikinsa.

Da muka duba guntun nan sai jikinmu ya yi sanyi. Ta ƙasa tsatsa ta cinye shi ya zama kamar ɓawon albasa, ga rami da ɗan yatsan yaro zai shiga, kuma ramin yana daidai wurin da ke cikin bango. Cikinsa kuwa ya toshe da jan laka har hanyar ruwa ba ta wuce kaurin fensir ba. Da mun ƙara murɗa ɗaya da ƙarfin jiya, da ya rabu biyu. Uwargida ta karɓa ta jujjuya, ta ce, "Ta nan ruwan alwalarmu ke bi duk shekarun nan?"

Wannan karon ba hoto muka ɗauka ba. Tsohon bakin da guntunsa muka zuba a leda, muka auna zurfin ramin daga fuskar tayil zuwa gwiwa da tsinken tsintsiya muka karya shi daidai wurin, muka nufi kasuwar Odunade da ke Orile, inda kayan gini da na famfo suke jibge. Tsawon guntun yana da muhimmanci: in ya yi gajere bakin ba zai kama ba, in ya yi tsawo zai bar tazara tsakaninsa da bango. Mai shagon da muka shiga, wani ɗan ƙabilar Ibo mai fara'a, ya ɗora mana baki biyu a tafin hannu, ga ido iri ɗaya, duk suna ƙyalli. Ɗaya shafal kamar cokali, ɗaya da nauyi. Ya ce, "Alhaji, ka leƙa ciki." Mai nauyin cikinsa rawaya ne, tagulla ce aka shafe. Ɗayan toka-toka ne, irin ƙarfen da ke rububbugewa in ya sha ruwa. Kuɗin mai nauyin ya kusa ninka na ɗayan. Muka tuna silin ɗin Mama, muka tuna araha ba ta ado, muka biya. Muka haɗa da sabon guntu na tagulla, da farin tef ɗin nan na naɗe zare, da silikon.

Ɗaurawar ba ta kai rabin awa ba. Muka goge zaren gwiwar da tsohon buroshin haƙori har jan laka ya daina fitowa. Tef ɗin yana da ɓangaren da ake naɗa shi: in ka fuskanci bakin bututun, ka bi yadda hannun agogo ke tafiya, zagaye huɗu zuwa shida, kana ɗan ja yana shiga cikin zaren. In ka naɗa ta ɗaya ɓangaren, kana murɗawa yana warwarewa. Mun yi wannan kuskuren sau ɗaya, muka cire muka sake. Muka ɗaura guntun a gwiwa, muka buɗe ruwa na ɗan lokaci ya wanko dattin da ke ciki, baƙi ƙirin da farko sannan ya washe. Muka rufe, muka naɗa tef a ɗaya bakin, muka murɗa sabon bakin da hannu har ya zo ya zauna a jikin tayil yana kallon ƙasa. Ɗan abin da ya rage muka ƙarasa da sifana, bayan mun naɗe shi da tsumma don kada ta kwarzane shi. Yaron ya gargaɗe mu cewa in ya wuce daidai kada mu dawo da shi baya, don dawowa baya ke buɗe hanyar yoyo. Gara a cire a sake tef. Silikon kuma ya ce a sa sama da gefe biyu, a bar ƙasa a buɗe, don in wata rana ya sake yoyo ruwan ya fito inda ido zai gan shi. Wato dai akasin abin da muka yi da robar keke.

Muka buɗe famfo. Ruwa ya zubo da ƙarfin da ba mu taɓa gani ba a gidan, bokiti ya cika kafin a ce me. Tishu a bushe. Muka ja maɓalli, shawa ta kawo, ƙananan yara suka yi ta ihu kamar an kawo wuta.

Amma bushewar tishu a sama ba ta isa shaida a ƙasa ba. Mama ce ta kawo dabarar: ta sa jikanta ya hau kujera ya zagaye bakin tabon da fensir. Kullum bayan la'asar sai ɗayanmu ya sauka a duba tare. Kwana biyun farko tabon ya ɗan tsallake layin, hankalinmu ya tashi, muka kira yaron. Ya ce ruwan da kankare ya riga ya sha ne ke sauka, a ba shi lokaci. Da ya dawo daga Ikorodu ya zo ya duba aikin, ya girgiza bakin, ya haska bayansa, ya ce babu abin da zai ƙara. Muka miƙa masa kuɗi ya ƙi karɓa, sai da uwargida ta ce to na katin wayar da muka ƙona masa ne. A mako na biyu tabon ya tsaya, ya fara yin fari daga gefe.

Mu da kanmu muka je muka faɗa wa Baba, da ruɓaɓɓen guntun a leda. Ya jujjuya shi ya yi dariya, ya ce wannan ya girmi babban yaronmu nesa ba kusa ba, tun ginin gidan yake nan. Ya ce zai sa a duba na sauran sassan. Kuɗin haya dai ya ƙara, kamar yadda ya ƙara wa kowa, amma ya sabunta mana ba tare da wata magana ba.

Silin ɗin Mama sai da muka bari ya yi wata guda ya bushe sosai kafin muka kawo mai fenti. Atamfa ukun nan ta ƙi karɓar kuɗinsu, muka yi ta ja, daga ƙarshe uwargida ta ce to ta sayar mata, tabon ai a gefe yake, tela zai san yadda zai yi. Da su aka yi wa 'yan matanmu ɗinkin Sallah.

Wancan bakin na farko da muka saya bisa kuskure, na zurawa mai ɗan noti a ƙasa, yana nan a kwalinsa ko ɗaura shi ba a yi ba. Duk wanda ya haska ƙarƙashin nasa ya ga rami, ya yi mana magana ranar taron wata, za mu zo da shi. Da sauran tef kusan rabin naɗi.